Hanci mai toshewa gefe guda

A cikin hancinmu akwai wata ƴar katanga ta guringuntsi da ƙashi wadda ta raba ƙofofin biyu. Ga wasu mutane, katangar nan ta karkace. Wani da ita aka haife shi, wani kuwa faɗuwa ce, ko naushi wajen dambe. Sai ƙofa ɗaya ta ƙuntata, mutum ya riƙa minshari, yana kwana baki buɗe.

Lokacin hunturu da sussukar hatsi abin ya fi tsanani, don ƙura da bushewa suna kawo haɓo. Mu rufe hanci da rawani ko mayafi. Mu zuba ƙaramin cokali 1 na gishiri cikin rabin lita na tafasasshen ruwa, in ya huce mu wanke hanci. Maganin ɗigawa na buɗe hanci kuwa, kada ya wuce kwana 5, don bayan nan shi kansa yana toshe hanci.

In haɓo ya zo, mu sunkuya gaba, mu matse hanci minti 10.

Magani ba ya miƙe katangar, aiki kaɗai ke miƙe ta. Wanda barci ya gagare shi ya tafi gidan likita, a tura shi wurin lokotoron kunne, hanci da maƙogwaro.