Tocilar da Ke Auna Gajimare Daga Sama

'Yan'uwana ɗalibai, wa ya taɓa kunna tocila da daddare a lokacin hunturu? Za ka ga hasken ya miƙe kamar sanda, ƙura tana yawo a ciki. Ƙwayoyin ƙurar ne suke dawo da hasken zuwa idonka. To, da wannan dabarar masana suke auna gajimare, sai dai tasu tocilar ta leza ce, sunan na'urar laida.

Ga yadda take aiki. Tana harba haske, sai ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kamar ka yi ihu a gindin dutsen Kufena ka jira amsa-kuwwa. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka daga lokacin ake lissafa nisan abin da ya buga.

Ranar 28 ga Afrilu, 2006, Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO, ɗauke da laida, yana zagaya duniya a nisan kilomita 705. Ya yi aiki har 2023. Cikin ayyukansa akwai leƙa gajimaren Antaktika, can ƙarshen duniya ta kudu. Wani gajimare yana haɗuwa a can, tsakanin kilomita 15 zuwa 25 a sama, idan sanyi ya kai kusan digiri 78 ƙasa da sifiri. A jikin ƙwayoyinsa sinadarin kulorin yake samun damar cinye iskar ozon, wadda take kare fatarmu daga hasken rana mai cutarwa. A lokacin sanyinsu rana takan yi watanni ba ta fito ba, kyamara ba ta ganin komai. Laida kuwa da haskenta take zuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take bambanta ruwa da ƙanƙara. Ɗigon ruwa kewayayye ne, yana mayar da hasken yadda ya zo. Ƙwayar ƙanƙara tana da kusurwoyi, sai ta murɗe shi. Ƙwayar ƙura ma haka take, shi ya sa na'urar ta iya ganin hazon da ke sa ƙanena tari kowace shekara har ya fasa zuwa makaranta. Yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa. A 2015 masanan NASA suka ce tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma duk shekara, kusan miliyan 28 kuma suna sauka a dajin Amazon, su zama taki. Mu a Kongo muna share ta daga benci, wasu bishiyoyi suna ci!

Ku gwada na tocilar a daren yau. Amma 'yar lezar nan ta wasa da ake sayarwa a kasuwa, kada a haska ta a idon kowa, tana iya lalata gani.