Kukan zalaidu da batun gadon harshe

A darasin koyon harshen uwa mun saba jin cewa harshe ba a jini ake gadonsa ba: jinjirin Bahaushe da aka rena a gidan Zabarmawa da Zabarmanci zai tashi. A 1960 Charles Hockett ya lissafa wannan cikin siffofin harshen ɗan Adam. Sai dai akwai tsuntsayen da muka yi tarayya da su a wannan siffa.

Zalaidu, mai dogon bindin nan da ake gani da damina, da danginsa na jinsin Vidua, iri 19, ba sa yin sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar wani ƙaramin tsuntsu mai cin tsaba, ta bar masa wahalar reno. Galibinsu kowane iri da mai renonsa. Vidua chalybeata, wanda namijinsa baƙi ne mai sheƙi, ya dogara ga ɗan jan tsuntsun da ke tsince-tsince a tsakar gidajenmu, Lagonosticta senegala. Baƙon ba ya kashe ƴaƴan gida, tare suke girma. Zanen cikin bakinsa ya yi kama da nasu, shi ya sa ake ciyar da shi ba a tsangwame shi ba. Wannan zane gado ne.

Kuka kuwa koyonsa ake yi. Namiji yana girma da kukan mai renonsa, ya haɗa da na irinsa, mace kuma wanda ke kukan gidan da ta tashi take zaɓa. Robert Payne na Jami'ar Mishigan a Amurka ya gwada abin da abokan aikinsa: suka ba wani tsuntsun keji ɗan asalin Asiya renon ƴaƴan Vidua chalybeata. Mazan suka tashi da kukansa, matan suka fi son masu wannan kukan, har suka riƙa saka ƙwai a sheƙarsa. Sakamakon ya fito a 1998 da 2000. Ke nan sauyin gidan reno sau ɗaya yana iya raba zuriya biyu, yadda rashin cuɗanya ke raba kare-karen harshe.

A ganina a nan ya kamata kwatancen ya tsaya. Tsuntsun yana maimaita abin da ya ji, ba ya gina sabuwar jimla don sabuwar ma'ana. Ko cikin dangin ma ba duka ke kwaikwayo ba: Vidua macroura a sheƙar wani yake tashi, amma ba a san shi da kukan mai renonsa ba.