Bangon Masauki Ma Littafin Tarihi Ne

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowar ina so mu leƙa garin Fomfeyi na kudancin Italiya. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Besubiyos ya yi aman wuta ya binne garin da toka. Tokar nan ce ta adana shi, har aka fara tonon sa a 1748. Abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne masaukai da gidajen abinci na talakawa.

Mu ɗauki na wani mutum mai suna Betutiyus Filasidus, a bakin babban titin garin. Da ka shiga za ka tarar da kanta ta gini, an dasa manyan randuna a cikinta. A ƙarshen kantar, a jikin bango, akwai ɗan wurin bauta da Rumawa ke kira larariyum. Mutanen nan masu bautar gumaka ne, kuma kusan kowane gida yana da irinsa, sau da yawa a madafa ko a tsakar gida.

To, me aka zana? A tsakiya akwai mutum ya lulluɓe kansa yana miƙa hadaya, alamar ruhin maigida ke nan a wurinsu. Hagu da damansa samari biyu ne ke rawa, su ne Lares, waɗanda suka ɗauka masu tsaron gida. A gefe ɗaya ga Markuri, gunkin kasuwanci, riƙe da jakar kuɗi. A ɗaya gefen ga Bakus, gunkin giya. A ƙasa kuma macizai biyu, alamar yalwa.

Ka lura fa, ba a ƙuryar ɗaki ya ɓoye shi ba. Ya sa shi inda duk mai sayen abinci zai gani. Ni a fahimtata zanen yana aiki biyu: neman sa'ar ciniki bisa imaninsa, da sanar da baƙo sana'ar gidan. A cikin wata randar ma an samu tsabar kuɗi fiye da 1,000, kusan kilo uku, waɗanda ba wanda ya dawo ya ɗauka.

A masaukin Salbiyus kuwa, an zana mutum biyu suna caca, gardama ta kaure, mai wurin yana tura su waje. Har maganganunsu an rubuta a saman kawunansu. Wannan zane yanzu yana gidan tarihi na Nafoli.

'Yan sashen gine-gine za su tambaya: ta yaya launi ya kai kusan shekara 2,000? Ai tun shafen farar ƙasa yana ɗanye suke zanen, idan ya bushe sai launin ya kame a jikin bango.

Manyan marubutan Rum sun raina irin waɗannan wurare, suna ganin matattarar 'yan caca ce da mashaya. Da littattafansu kaɗai muka dogara, da ba mu ji ta bakin mai masauki ba. Don haka idan aka ba ka aikin bincike, kada ka tsaya a laburare kawai. Dubi ginin da kansa, ka tambayi wa ya yi zanen, a ina ya sa shi, kuma don wa ya gani.