Yadda Ake Hawan Dutsen Chappal Waddi

Tun a ɗaki ake fara wannan hawa, ranar da ka baje kaya a kan tabarma kana zaɓen abin da zai shiga jakar goyo. Duk abin da ka cusa, kai za ka yi dakonsa, in ba ka ɗauki ɗan dako ba. Tanti, bargo mai kauri, rigar sanyi, hula mai rufe kunne, safa ƙafa uku, tocila da gorar ruwa. Guzuri kuwa wanda ba ruwansa da murhu: garin rogo, suga, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi. Mai nauyi ya kwanta a tsakiya, jikin gadon bayanka, bargo a ƙasa cikin leda saboda raɓa. Wani abokin tafiyarmu ya zo da sabon takalmi fil, wai don girman tafiyar. Kafin la'asar dugadugansa sun yi bororo, sai da takalmin roba irin na makiyaya ya ƙarasa.

Dutsen yana jihar Taraba, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. Tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a duk faɗin ƙasar. Ana kuma kiransa Gangirwal, wasu na yi masa laƙabi da Dutsen Mutuwa. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, saboda haka ba a shigarsa da ka. Sai ka tsaya a Serti, ka nemi izini a ofishin gandun, a haɗa ka da ma'aikacin da zai raka ka. Lokacinsa rani ne, daga Disamba zuwa Maris. Da damina rafuka sun cika, hanya ta zama taɓo.

Hanyar mota ba ta bukatar dogon bayani. Jalingo, Bali, Serti, sai Mayo Selbe inda titi ke fara nannaɗe tsauni kamar rawani har ka ɓullo saman Mambila, iska ta sauya, kowa ya laluɓo rigar sanyinsa. Daga Nguroje 'yan acaɓa za su kai ka Njawai, tafiyar da za ka sauka kana jin kamar an daka ka a turmi. Daga nan sai ƙafa. Duk ƙauyen da za ku kwana, a fara da ƙofar jauro, wato mai garin: "Ranka ya daɗe, baƙi ne, dutse za mu hau." Shi zai nuna inda za a kafa tanti, shi zai samo muku 'yan dako idan kuna so.

Mu 'yan birni da muke zuwa da kyamara, sai mu koma muna ba da labari kamar mun ci yaƙi. Alhali yaron da ya ɗauki jakata da ta abokina a kai, da silifa yake tafe, yana yi yana fito. Fulanin wurin kullum a kan waɗannan tuddai suke kiwo. Ba su taɓa kiran abin wasa ba.

Ranar hawa ana sallar asuba a kama hanya, hannu na daskarewa saboda alwala da ruwan rafi. Inda ake gane gwani shi ne gangaren ciyawar da ke ƙarƙashin ƙololuwa. Babu dutsen da za ka dafa, babu icen da za ka riƙe, tudu ne a tsaye lulluɓe da ciyawa. Baƙo idan ya hango sama sai ya miƙe sak, yana ganin ya yanke hanya. Haka na yi. Ban yi taku ɗari ba ƙirjina ya fara dukan ganga, cinyoyina na rawa. Ɗan rakiyarmu ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin saniya ta hau dutse a miƙe?"

Sai a lokacin na lura da siraran layukan da suka zagaye tudun hawa-hawa. Sawun shanu ne na shekara da shekaru. Su ake bi. Ka karkata dama taku ashirin ko talatin, ka juyo hagu, sanda tana hannun da ke ɓangaren tudu. Taku gajere, tafin ƙafa duka a ƙasa, ba kan yatsu ba, don tafiya kan yatsu ke ƙona sha-raɓa. Numfashi ya bi taku. Muddin ba za ka iya amsa gaisuwa kana tafiya ba, saurinka ya yi yawa. Hutu a tsaye ake yinsa, ka dogara da sanda, ka kurɓi ruwa kaɗan, ka jefa dabino ɗaya a baki. Wanda ya zauna ya miƙe ƙafa, jikinsa zai huce, tashi ya zama aiki. Sannan tudun yana da yaudara: ka kai inda kake zaton ƙarshe ne, sai wani ya leƙo daga bayansa. Daga na biyu na daina tambayar saura nawa.

A sama iska ba ta barin mutum ya daɗe. Ka dubi Kamaru ta nan, Nijeriya ta can, tuddai bayan tuddai har su narke cikin hazon hunturu. Aka yi hoto, aka yi addu'a, muka juyo.

Kafin gangara a sake ɗaure takalmi tamau a wuyan ƙafa, in ba haka ba yatsu za su yi ta dukan bakinsa. Ni na yi ƙyuya. A gicciye ake sauka, gwiwa a ɗan lanƙwashe, busasshiyar ciyawa kuwa santsi gare ta kamar an shafa mata mai. Sau uku na sha ƙasa. A wata ruga da ke ƙasan dutsen wata dattijuwa ta miƙo mana kindirmo cikin ƙwarya, ta dubi yadda nake ɗingishi, ta ce, "Sannu, ɗana," tana ƙunshe dariya. Farcen babban ɗan yatsana ya yi baƙi, bayan mako uku ya cire.