Kafin Ka Sayi Jif a Kanada: Shawarar Bakanike ga 'Yan Uwa

Duk shekara da kaka ta kama a nan Winnipeg, 'yan uwanmu sababbin zuwa kan shigo gareji da tambaya ɗaya: “Oga, wace jif ce za ta ɗauke ni da iyali, ta kai ni aiki kullum, ba ta ba ni kunya ba idan hunturu ya shigo?” Wani aikinsa a Steinbach yake, tafiyar wajen kilomita 60, wani a Portage la Prairie, wajen kilomita 85, kuma kullum sai an je an dawo. A watan Janairu sanyin Manitoba yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Motar da za ta yi wannan aiki ba a zaɓenta da idon da muka saba zaɓen 'yar Kwatano.

A gida fenti muke dubawa, mu kunna na'urar sanyi, mu saurari ƙarar inji. A nan abin da ke kashe mota yana ƙarƙashinta. Gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe, musamman a motocin da suka zauna a Ontario ko Quebec, inda aka fi zuba shi. Kada ka biya ko sisi sai an ɗaga maka motar sama ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Nakan sa sukurdireba in ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya. Idan lafiyayye ne, amo yake yi. Idan ya ruɓe, ɓawon tsatsa ne zai zubo maka a kafaɗa, wani lokaci ma sukurdireban ya burma ciki. Sai ka bi siraran bututun man birki da ido har baya. Na sha ganin jif tana ƙyalli a sama, kujerun fata kamar ba a taɓa zama ba, amma bututun birkinta ya kumbura da tsatsa, taka birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fasa shi.

Sai maganar da ta fi ruɗin mutane, wato jan ƙafa huɗu, abin da ake rubuta AWD a bayan mota. Yana da amfani, babu musu: shi ke fitar da kai daga tulin dusar ƙanƙara da safe, shi ke hana ka yin ta murza taya a danja. Amma wajen tsayawa ba ya ƙara maka komai, domin kowace mota da ƙafa huɗu take taka birki. Jif ma ta fi ƙaramar mota nauyi, saboda haka idan ta fara sulɓi ta fi wuyar tsayarwa. Idan guguwar ƙanƙara ta lafa, dubi motocin da ke cikin kwalbati a gefen babbar hanya, ba za ka rasa manyan jif a cikinsu ba.

Abin da ke riƙe ka a titi taya ce. Robar tayar yau da kullum tana fara ƙanƙarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ita kuwa tayar hunturu tana nan da laushinta. Nemi tambarin dutse mai tsini uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa a gefen tayar. A Quebec sa tayar hunturu doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontario, tun 2016 wajibi ne kamfanonin inshora su yi ragi ga mai ita. A Manitoba ba dole ba ne, amma hukumar inshorar motoci ta lardin tana da shirin rance na sayen tayoyin. Huɗu za ka sa, ba biyu ba. Kuma a motar da ke jan ƙafa huɗu, kada ka haɗa sabuwar taya da waɗanda suka suɗe, bambancin yana wahalar da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, gyaransa kuwa ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba.

To wace iri? Ga iyali mai 'ya'ya biyu ko uku, matsakaiciya ta wadatar. Toyota RAV4 da Honda CR-V a Ontario ake haɗa su, kayan gyaransu ko a ƙaramin gari ana samu. Subaru Forester tana zuwa da jan ƙafa huɗu tun daga kamfani, kuma cikinta ya ɗaga daga ƙasa wajen santimita 22. Idan gidan ya cika, Toyota Highlander ko Honda Pilot masu layin kujeru uku za su ɗauke ku, sai dai ka shirya wa shan mai. Mai doguwar tafiya ya yi lissafi da alƙalami: RAV4 mai haɗa fetur da lantarki tana shan wajen lita 6 a kilomita 100, mai fetur zalla wajen lita 8, manyan kuwa 10 zuwa sama, kuma sanyi yana ƙara wa kowacce. Girma ba shi ne inganci ba. Tarihin kula da motar ya fi sunanta muhimmanci, don haka ka nemi takardun juyen bakin mai, ka ciro rahoton tarihin motar na Carfax, ka tabbatar babu bashin banki a kanta, ka kuma duba jerin motocin da aka kira gyara a shafin Transport Canada.

Akwai ɗabi'u biyu na gida da za ka bari a filin jirgi. Ta farko, zuba tsurar ruwa a lagireto. Ruwa idan ya daskare kumbura yake yi, yana iya tsaga injin kansa. Ruwan sanyaya inji da aka haɗa rabi da rabi yana jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Ta biyu, cire tamostat kamar yadda wasu kanikawanmu ke yi saboda zafin Kano ko Sakkwato. A nan idan babu shi inji ba zai yi ɗumi ba, hita ba za ta ba da zafi ba, gilas kuma zai rufe da ƙanƙara kana tsakiyar hanya.

Leƙa gaban motar ka ga ko akwai 'yar igiyar wuta tana leƙowa. Ita ce ta hitar inji, wadda ake jonawa a soket ɗin da ke wurin ajiye motoci, awa uku zuwa huɗu kafin fita sun isa. Batirin da ya wuce shekara huɗu a auna shi kafin Nuwamba. A but kuma kada a rasa bargo, shebur, wayar tayar da batir da tocila. Idan ka maƙale, zauna a cikin mota, ka share bakin salansa kafin ka bar inji a kunne, domin hayaƙin da ke dawowa ciki ba shi da wari kuma yana kisa.

Shawarata ga ɗan uwa ita ce kada ka zuba duk kuɗinka a kan babbar jif don a gan ka a filin Idi. Sayi matsakaiciya mai tsabtar ƙarƙashi, ka kai ta wurin bakaniken da ba shi da alaƙa da dila ya duba, ka ware kuɗin tayar hunturu tun ranar ciniki. Allah Ya kiyaye hanya.