Yadda ake bin diddigin tsofaffin fayafayen kiɗa a Matamaye

Mai son sanin tarihin kamfanonin da suka buga waƙoƙin Hausa, da faifan kansa zai fara, labarin da ake bayarwa a kansa ya biyo baya. Matamaye ta dace da wannan aiki, domin tana kan hanyar Damagaram zuwa Daura da Kano, hanyar da kayan Najeriya suka daɗe suna bi. Da farko sai a zagaya wajen tsofaffin 'yan kasuwa da masu gyaran rediyo, a nemi abin da ya rage a adaka. In an dace da faifan Mamman Shata ko na Ɗanmaraya Jos, kada a yi gaggawar ɗora shi a garmaho, don tsohuwar allura cinye shi take yi. A share ƙura da tsumma mai laushi, a ɗauki hoton takardar tsakiya ta kowane gefe, a rubuta sunan kamfani, EMI ne ko Decca, da gudun faifan, 78 ko 45 ko 33. Kusa da takardar akwai wata lamba da aka zana a jikin faifan. Ita ta fi amana, domin kamfani kan sake fitar da tsohuwar waƙa da sabuwar takarda, amma wannan lambar takan zauna yadda take. Idan lambobi suka taru aka jera su, sai a ga wace waƙa ta riga wace.

Fayafaye da yawa ba su ɗauke da shekara, kuma nan ne dattawa ke shigowa. Makaɗin Hausa ba ya rasa ambaton sarki ko attajiri, saboda haka wanda ya san lokacin da aka naɗa wane, ko shekarar da wane ya sauke farali, shi zai tsayar da zamanin waƙar. Daga nan sai Yamai, a gwada da abin da gidan rediyon Voix du Sahel ya adana, da fayafayen kamfanin Ocora na Faransa, wanda ya fitar da kiɗan Nijar.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda waƙoƙin suna cikin waya. Amma abin da ke yawo a waya ba kamfani ba shekara, wani lokaci ma an yanke shi ko an laƙa wa wani makaɗin. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne makaɗan Damagaram irin Ma'azu Ɗan Alalo an fi jin su ta rediyo da kaset, tarihin faifai kuwa zai bar su a baya. Gaskiya ne, sai dai wannan giɓin shi ma shaida ne, yana nuna inda kamfanonin Legas suka ga kasuwa da inda ba su leƙa ba. Shi ya sa kowane kaset da aka samu a Matamaye ko Kance sai a rubuta shagon da ya kwafe shi, da hannun da ya fito.