Darasi na 14: Suna Linzami Ne

Jama'a, yau da wasa za mu fara. Malami zai ambaci sunan wuri, ku kuwa ku faɗi kalmar da ta fara zo muku.

In ya ce Bilma, sai ku ce gishiri. In ya ce Gwanja, sai ku ce goro. In ya ce Argungu, sai ku ce kifi. In ya ce Kura, sai ku ce rini.

To, wa ya koya muku wannan? Ba a aji kuka koya ba. Fatake ne suka yi shekara da shekaru suna kawo gishiri daga Bilma da goro daga Gwanja, har sunan wurin ya manne da sunan hajar.

Haka yake ga mutum. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a Kano cikin 1955, da fataucin goro ya fara, sa'an nan ya shiga cinikin gyaɗa. Dalar gyaɗa ta Kano ta daɗe da ɓacewa, amma har yau in an ambace ta sai a tuna da shi.

Kai ma, mai ƙaramar sana'a, akwai kalmar da mutane suka liƙa wa sunanka. Ba a gabanka suke faɗinta ba, sai ka ba da baya.

Ga misali. Masu awo biyu suna zaune rumfa ɗaya. Na fari yakan cika mudu, har ya ɗora gyara. Na biyu kuwa ya bubbuge gindin mudunsa, yana kuma zuba tsakuwa cikin gero. In uwargida za ta aiki yaro, sai ta ce, "Je ka wurin mai cika mudu, kada ka kuskura ka je wurin mai algus." Na biyu ya ci ribar kwana ɗaya, ya yi hasarar shekara. Ko ya tuba ya sayi sabon mudu, sunan nan zai daɗe yana bin sa.

Saboda haka ka riƙe abu huɗu.

Na ɗaya, zaɓi kalma guda wadda kake so a san ka da ita. Tela ya zaɓi cika alkawari. Mai nono ta zaɓi tsabta. Maƙeri ya zaɓi ƙarko. In ka ce duka za ka kama, mutane ba za su riƙe ko ɗaya ba.

Na biyu, aikinka shi zai tabbatar da kalmar. Telan da ya ce ranar Laraba, to, Laraba riga ta fito.

Na uku, kada ka riƙa sauye-sauye. Zauna wuri ɗaya, da suna ɗaya, da awo ɗaya, ko ranar kasuwa ko ranar da ba kasuwa.

Na huɗu, tun da ka iya rubutu, samo allo ka rubuta sunanka da sana'arka da manyan baƙaƙe, ka rataye a rumfarka. Baƙo ya karanta, ya san wurin da zai komo. Amma kada ka rubuta abin da ba za ka iya cikawa ba.

Tambayoyi
1. Wace kalma ce ke tafiya da sunan Bilma?
2. Me ya sa uwargida ta hana yaro zuwa wurin mai awo na biyu?
3. Don me aka ce a zaɓi kalma guda?

Aiki
Tambayi mutum biyar masu sayayya wurinka, ka ce, "In an ambaci sunana, wace kalma ke fara zo maka?" Rubuta amsoshinsu cikin littafinka, masu daɗi da marasa daɗi, ka kawo aji ranar darasi mai zuwa.